NAMAN KAZA NA SURI: KADA MU RASA SHI

Manoma, kun san naman kazan da ke tsirowa a gindin suri idan damina ta yi nisa, wajen Yuli da Agusta. Abin miya ne mai gina jiki, ba a kuwa kashe ko kwabo a kansa. Amma yanzu a ƙasar Funtuwa da Malumfashi sai an sha tafiya kafin a same shi.

YADDA YAKE TSIROWA

Ba ya tsirowa sai inda gara take. Zago ne ke kai busasshiyar ciyawa da kara cikin suri, ya yi renonsa a kai, ya ci daga gare shi. Da ruwa ya jiƙa surin sosai, sai ya ɓullo waje. Har yau ba a sami hanyar noma shi don kasuwa ba. Saboda haka in suri ya mutu, shi ke nan, an yi asara.

ME YA RAGE SHI?

Tun 1975 da aka soma shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa, noman masara ya yaɗu, gonaki suka faɗaɗa, saura ta ragu. Ana rushe suri, ana ƙona daji, ana ɗura guba a rami. Alhali mafi yawan ɓarnar gyaɗa da masara daga ƙaramar gara take, wadda ba ta gina suri.

ABIN DA ZA KA YI

1. Bar surin da ke kan iyaka ko gefen gona. In za ka ɗebi ƙasarsa, kankari ta gefe kaɗan, kada ka fasa cikinsa.
2. Kada ka ɗura Gamalin 20 a suri. Yarjejeniyar ƙasashen duniya ta hana amfani da gubarsa a gona tun 2009.
3. Kada ka ƙona kara da ciyawa. Su ne abincin zago, su ne kuma rigar ƙasa.
4. Wajen cira, bar waɗanda suka buɗe sosai su zubar da iri.

HATTARA!

Ba kowane naman kaza ake ci ba. Na suri yana da tsini a tsakiyar lemarsa, da doguwar saiwa da ta nutse cikin surin. Wani mai kama da shi yana kisa, dafuwa kuma ba ta kashe dafinsa. Wanda ba ka sani ba, bar shi. Ka kuma ja kunnen yara.

Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku.