Bado da tabkunanmu

Mun san bado. Yana tsira cikin lakar tabki, ganyensa shimfiɗe bisa ruwa, farin furensa na buɗewa da dare. Shekarun yunwa, kakanninmu sun ci 'ya'yansa da saiwarsa.

A duniya, bado ba ya cikin tsirran da ke shirin ɓacewa. A nan kuwa, tabkin ne ke mutuwa: rairayi na cike shi, kacalla na shaƙe shi, kamar a Gidimuni, tabkin da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar a 2019.

In mun haƙa saiwa, mu bar saura cikin laka. Mu daina sare itatuwan bakin tabki. Mu hana yara daɗewa cikin ruwan, don dodon koɗi mai yaɗa tsargiya na maƙalewa ƙarƙashin ganyen.