Yarinyar da Ke Raunata Jikinta a Ɓoye

'Yan'uwa, a unguwar Misfala, nan Makka, wata uwa ta tambaye ni game da 'yarta mai raunata jikinta a ɓoye. An yi faɗa, an yi ruƙiyya, abin bai tsaya ba.

Na koma ga binciken da mujallar Lancet ta buga a 2012, wanda ya bibiyi matasa kusan 1,800 a Ostiraliya. Kimanin tara cikin goma na masu wannan hali sun daina da suka girma, amma waɗanda ke fama da damuwa da fargaba abin ya fi bin su.

Don haka na ce mata ta bar tsawa, ta saurari yarinyar, ta kai ta ga likitan ƙwaƙwalwa, addu'a kuma kada ta yanke.