Amsoshin Tambayoyinku: Injekta ga Jirgin Ruwan Tsere

Wani mai sauraro yana tambaya: wace injekta zai saya ya maye gurbin kabureta a injin jirgin ruwansa na tsere?

To malam, da farko ka nemi wadda aka ƙera domin ruwa, mai shaidar SAE J1171. Tururin fetur yakan taru a ɗakin inji, tartsatsi ɗaya ya isa ya tada gobara, shi ya sa ta mota ba ta dace ba.

Sannan ka duba salansar jirgin. Jiragen ruwa da yawa suna haɗa hayaƙi da ruwa, ruwa kuwa yana lalata na'urar auna iskar oksijin da injektar ke aiki da ita, don haka a ɗaura ta kafin mahaɗar.

A ƙarshe, girman injekta da famfon mai su yi daidai da ƙarfin injinka, kuma ƙwararren makaniki ya saita kwamfutarta a kan ruwa.