Rasidin Kujerar Makka da Katin Magani

Ranar da sakamakon gwajin kakinsa ya fito, Baba, wani dattijo majinyacina, bai tambaye ni ko zai warke ba. Hannu ya sa a aljihun 'yar ciki, ya zaro wata takarda da aka naɗe cikin leda, ya shimfiɗa ta a kan teburina. Rasidin kuɗin ajiyar kujerar Makka ne. Ya ce, "'Yata, shanu na sayar. Wannan fa?"

Na daɗe ina aiki a sashen masu tarin tibi, wanda gidajen rediyo ke kira tarin fuka, kuma tambayar tafiya tana cikin waɗanda na fi ji. Wani Makka ce a ransa, wani ci-rani a Legas ko Fatakwal, wata kuwa bikin ƙanwarta a Maraɗi. Lokacin da nake sabuwar hannu, amsa ɗaya nake ba kowa: a ajiye maganar tafiya tukuna, lafiya uwar jiki. Daga baya na gane ɓarna nake yi. Wanda ka ƙwace wa abin da yake ɗoki, sai ya koma gida ya kwanta, abinci ya ƙi shiga, maganin ma sai an yi ta lallashi.

Don haka na jawo kujera na zauna kusa da Baba muka ƙirga da yatsu. Ana cikin watan Maulidi ne. Maganin tibi wata shida ne: wata biyu na farko da magunguna huɗu a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, wata huɗu na ƙarshe da biyu. Idan bai tsallake rana ba, zai gama wajen kamawar azumi, maniyyata kuwa sai Zulƙida suke fara tashi. Ban ɓoye masa komai ba. Hukumomin lafiya na Saudiyya ba sa yarda mai tibin huhu da ke iya yaɗuwa ya shiga aikin Hajji, haka mai wankin ƙoda da mai sankarar da ke kan magani, kuma likitocin tantance maniyyata ne za su yanke hukunci, ba ni ba. Na miƙa masa katin shan magani na ce, "Baba, wannan katin shi zai raka wancan rasidin." Ya haɗa su biyun cikin leda ɗaya ya mayar aljihu.

Nauyinsa a ranar kilo 49 ne, don haka ƙwaya uku yake sha kowace safiya kafin ya karya. Jikansa ɗan sakandare muka ɗora wa sa ido, shi ke zana alama a katin bayan ya ga an haɗiye. Kwana uku da farawa sai ga yaron a guje, wai kakansa na fitsarin jini. Ba jini ba ne. Ɗaya daga cikin magungunan, rifampicin, shi ke rina fitsari da gumi su yi ja-ja, kuma laifina ne da ban nanata musu ba. Abin da ke sa a garzayo asibiti ba ɓata lokaci shi ne ido ya yi ruwan ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gani ya fara dusashewa.

A mako na shida na ga Baba ya yi sanyi. Yana amsa gaisuwa sama-sama. Da na matsa, ashe a gida an ware masa kwano da kofi da buta, jikoki ƙanana ma an hana su shiga ɗakinsa. Wannan ya fi tarin ci masa rai. Na kira babban ɗansa na yi masa bayani cewa ta iska cutar ke bi, lokacin tari a ɗaki marar taga, ba ta kwanon tuwo ba, kuma wanda ya yi makonni yana shan magani daidai, haɗarin ya sa wa wani ya ragu ƙwarai. A buɗe tagogi, a kawo mutanen gidan mu duba su, a mayar wa tsoho da jikokinsa. Shi kuma Baba na ba shi aiki. Na gaya masa kai-komo bakwai tsakanin Safa da Marwa ya kai kimanin kilomita uku, ga ɗawafi, ga tattakin jifa a Mina. Ƙafar da ta saba da tabarma ba za ta iya ba. Ya fara da zuwa masallacin unguwa a ƙasa, daga baya har bakin kasuwa. Duk zuwansa karɓar magani sai ya ba ni rahoton inda ya kai, kamar ɗalibi mai biya hadda.

Gwajin kaki na wata biyu ya fito babu ƙwayar cuta. Da nauyinsa ya kai kilo 55 muka ƙara ƙwayar maganin ta koma huɗu, sai hankalinsa ya tashi, a zatonsa ciwon ne ya ƙaru. Na ce, "Baba, jiki ne ya dawo, shi ya sa." Dariyar da ya yi har sai da hularsa ta karkace.

Wannan gaɓar ita ce ta fi ba ni tsoro ga kowane majinyaci. Tari ya tsaya, gumin dare ya ɗauke, kumatu sun ciko, ga kaka ta yi, samari na haɗa jaka. Akwai wani saurayi da muka fara da shi kusan lokaci ɗaya da Baba. A wata na uku ya hau mota zuwa Legas ba sallama, da sauran maganin kwana tara a jakarsa. Da ya dawo bayan watanni, riƙo aka shigo da shi, kuma na'urar GeneXpert ta nuna cutar ta daina jin rifampicin. Irin wannan tibin maganinsa ya fi yawa, ya fi wahalar da jiki, wani har wata 18 yake kwashewa. Abin da ke ƙona min rai shi ne ba wanda zai hana shi tafiyar. Takardar canjin wuri kawai zan rubuta masa, in ba shi maganin hanya, ya ci gaba da karɓa kyauta a asibitin da ke kusa da masaukinsa.

Baba ya sha ƙwayarsa ta ƙarshe kwana huɗu kafin a ga watan azumi, gwajin ƙarshe ya fito lafiya lau. Na rubuta masa takardar kammala magani don ya nuna wajen tantancewa, na tuna masa allurar sanƙarau da katin rigakafin shawara. Bayan babbar sallah jikansa ya kawo min dabino da 'yar gorar zamzam.

'Yan'uwa masu shan maganin tibi, da ku masu jinyarsu: idan tafiya ta taso, kusa ko nesa, ku zo ku gaya mana kafin ku sayi tikiti, ku zo da katinku. Wanda kuma tarinsa ya kai mako biyu ya je a gwada kakinsa. Gwajin da maganin duk kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati.