Amsoshin Tambayoyinku: Fijo ta ƙi tsayawa a silo sai an ja cok

TAMBAYA: Ina da Fijo 504 ƙirar Kaduna wadda na gada daga mahaifina. Kwanan nan ta fara wani hali: da safe tana tashi lafiya, amma da zarar ta yi zafi na mayar da cok sai silo ya dinga hawa yana sauka, in na taka birki a mahaɗar hanya kuma ta mutu. An wanke kafireto, an sauya fulogi, ba ta daina ba. Yanzu bakanike ya ce in sayo wani kafireton. In saya? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifi. Ka riƙe kuɗinka tukuna, domin alamun da ka lissafa ba su tabbatar da laifin kafireto ba. Ina jin tsoron kada a bar jaki a doki taiki.

Injin fetur yana son iska da mai a ma'auni, kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai idan aka auna da nauyi. Kafireto ne ke yin wannan awo, amma iskar da ta bi ta maƙogwaronsa kaɗai yake iya aunawa. Idan akwai wata kafa a ƙasa da shi, tsakaninsa da kan inji, iska za ta saci hanya ta shiga ba tare da an ba ta rabonta na mai ba, sai haɗin ya tsinke. A silo abin ya fi tsanani, saboda maƙogwaron kusan a rufe yake kuma zuƙar da ke cikin manifol ta kai matuƙa, don haka ƙaramar ɓula ma sai ta yi tasiri. Da ka taka totur ka hau titi, iskar da ke shiga ta hanyarta ta rinjayi ta satar, motar ta yi kamar ba abin da ke damunta. Shi kuma cok rage iska yake yi ya ƙara mai. Motar da ta yi zafi amma take neman cok tana gaya maka ne haɗinta ya tsinke.

Abu biyu ke jawo haka: ko iska ta yi yawa, ko mai ya yi kaɗan saboda jet ɗin silo ya toshe. Raba su shi ne aikin.

Kalmar da na fi riƙewa a wasiƙarka ita ce birki. 504 tana da sarbo, wannan baƙin tulun da ke bayan fedar birki, kuma da zuƙar inji yake aiki ta wani tiyo mai kauri da ya taso daga manifol. Tiyon na tsufa ya tsage a bakinsa, robar da ke cikin sarbon ma tana yagewa. Ka bar motar ta yi zafi, ka matse tiyon da filaya a kan tsumma don kada ka yanke shi. Idan silo ya natsu nan take, ka kama ɓarawonka. Wani gwajin: ka kashe inji, ka tattaka birki har fedar ta yi tauri, ka riƙe ta da ƙafa ka tayar da motar. Sarbo mai lafiya zai sa fedar ta ɗan nutse. Idan ba ta motsa ba, ko kana jin huci a ƙarƙashin sitiyari duk lokacin da ka taka, gyaran ya zama na gaggawa, don wannan maganar tsayawar mota ce a kan hanya.

Idan sarbo ya fita daga zargi, sai a bi sauran kafofin. Ka samu guntun tiyo, ka kara baki ɗaya a kunne, ɗayan ka bi da shi gindin kafireto da inda manifol ya haɗu da kan inji. Iskar da ke shiga tana da wani siririn fito da ba ya ɓuya. Ka yi hattara da fanka da bel, musamman in kana sanye da babbar riga. Makanikai da yawa suna fesa maganin wanke kafireto, wasu har fetur, su saurari ko inji zai ɗaga murya. Gwajin yana aiki, amma ban yarda da fetur ba ko kaɗan: tartsatsi ɗaya daga tsohuwar wayar fulogi ya isa a rasa motar. Ruwa a kwalbar feshi ya wadatar. In ya sauka a kan ɓular za ka ji inji ya sauya sauti na ɗan lokaci.

Akwai wuri biyu da na fi son ka sa ido. Na farko gindin kafireto. Ka ce an cire shi an wanke. Shin an sa sabon gasket, ko tsohon aka mayar aka shafe da gam? Kuma jikin kafireton Solex irin na waɗannan motoci ƙarfe ne mai laushi. Yaron gareji ya ɗaure notocin da dukkan ƙarfinsa, gindin ya lanƙwashe, daga ranar ba zai sake zama daidai ba. A ɗora shi a kan gilashi a duba; in lanƙwasar kaɗan ce ana goge ta da samfefa mai laushi a shimfiɗe a kan gilashin. Na biyu sandar da ke juya faifan totur. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci tun 1975, don haka wasu kafiretocin sun shekara 40 ana taka su. Ramin da sandar ke juyawa a ciki yana cinyewa. Kama ta ka girgiza sama da ƙasa, in tana wasa to iska na bi ta nan, kuma wanki ba ya maganinta. A nan kaɗai maganar bakaniken naka za ta iya zama gaskiya, ko da yake mai injin dire yana iya sa mata bushin.

Kada a manta da siririn tiyon da ke zuwa distiributa. Cire shi daga kafireto ka zuƙa da baki: in iska na ta zuwa ba iyaka, robar ciki ta huje.

Wanda ke da agogon auna zuƙa ya huta da yawan lalube. Lafiyayyen inji a silo yana nuna inci 17 zuwa 21, allura a tsaye. A wuri mai tudu kamar Jos adadin kan ɗan ragu, wannan ba ciwo ba ne. Allura a ƙasa sosai kuma a tsaye tana nuni da satar iska ko taimin da ya yi baya.

To idan duk an bi ba a samu kafa ba, sai a koma ga mai. Jet ɗin silo raminsa ƙanƙane ne, ƙurar hunturu ko dattin man jarka ya isa ya toshe shi. A hure shi da iska, kada a soka masa waya, domin waya na faɗaɗa ramin ta bar ka da shan mai har abada. A sauya filtar mai, a duba kwantak ma, tazararsa kimanin milimita 0.4.

Sai bayan haka a taɓa sukurun silo. Abin da ya fi ɓata mini rai a garejinmu shi ne a buɗe sukurun mai don a rufe matsalar iska. Motar za ta tsaya a silo, amma ta dinga shan mai, kuma silindar da ke kusa da ɓular ta ci gaba da aiki da tsinkakken haɗi, wanda ke ƙara zafi har ya iya ƙona bawul. Ka ciro fulogin guda 4 ka jera su: in ɗaya ko biyu sun yi fari fat alhali sauran sun yi baƙi, shaida ke nan.

Ka koma wurin bakaniken ka roƙe shi ya matse tiyon sarbo a gabanka kafin a sake maganar kasuwa. In da hali ka rubuto mana abin da kuka gani.