Dokar Ikkilisiya da Dokar Ƙasa: Abin da Tarihi Yake Koya Mana

Karatu: 1 Korantiyawa 6:1-8, Romawa 13:1-7
Ayar haddacewa: Matiyu 22:21



Harshe da haƙori ma sukan saɓa, haka nan ba a rasa saɓani a cikin ikkilisiya. Dattawa biyu suna jayayya a kan filin majami'a. An sami giɓi a kuɗin baiko. Mijin wata 'yar'uwa ya rasu, danginsa sun ce ba su san da aurenta ba. Wa zai yanke hukunci? Majalisar dattawa ce, ko alƙalin gwamnati? Masu bi sun yi kusan shekara dubu biyu suna fama da wannan tambaya. Waiwaye adon tafiya ne, saboda haka bari mu duba yadda na gabanmu suka yi.

1. Tushen a cikin Sabon Alkawari

Ubangiji da kansa ya ba da tsarin horo a Matiyu 18:15-17. Wanda aka yi wa laifi ya fara zuwa shi kaɗai, sa'an nan da shaida ɗaya ko biyu, daga baya a kai gaban ikkilisiya. A Ayyukan Manzanni 15, wajen shekara ta 49, manzanni da dattawa suka taru a Urushalima a kan batun kaciyar al'ummai. Suka saurari kowa, suka yanke shawara, suka rubuta ta a wasiƙa zuwa Antakiya. Wannan ce ƙa'idar farko da majalisar ikkilisiya ta rubuta.

Manzo Bulus ya tsawata wa Korantiyawa domin suna kai juna ƙara gaban marasa bi a kan al'amuran yau da kullum. Amma Bulus ɗin nan ne ya koya wa Romawa cewa Allah ne ya kafa hukuma domin hukunta mai aikata mugunta. Shi ne kuma ya nemi hakkinsa na ɗan ƙasar Roma a Filibi da Urushalima, har ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar (Ayyukan Manzanni 25:11). Bitrus kuwa, da aka hana su wa'azi, ya nuna cewa biyayya ga Allah ita ce gaba (5:29). Ashe tun daga farko akwai iko iri biyu, kowanne da iyakarsa.

2. Sa'ad da sarki ya shigo

Kusan shekara 300 ikkilisiya ba ta da gata a daular Roma. Ba ta da kurkuku, ba ta da soja. Horonta mafi girma shi ne hana mutum Jibin Ubangiji har ya tuba.

A shekara ta 313 Sarki Kostantin ya ba Kirista 'yancin yin sujada. A 325 ya kira bishop-bishop zuwa Nikiya, garin da ake kira Iznik a Turkiyya ta yau. Ban da shaidar bangaskiya, sun rubuta ƙa'idodi 20. Da Helenanci ana ce da kowace ƙa'ida "kanon", wato sandar awo. Wasunsu kamar domin mu aka rubuta su. Kada a yi hanzarin naɗa sabon tuba a aikin ikkilisiya. Kada ma'aikacin ikkilisiya ya ba da bashi da ruwa. Kada bishop ya bar garinsa ya koma wani. Akwai kuma wadda ta ce bishop-bishop na kowane lardi su taru sau biyu a shekara, su duba ko an fitar da wani daga zumunci saboda fushi ko son zuciyar shugabansa. Tun a lokacin sun gane cewa shugaban ikkilisiya ma yana iya zalunci, dole a sami inda za a ɗaukaka ƙara.

Kostantin ya kuma ba bishop-bishop izinin yin shari'a tsakanin mutane, hukuma tana zartar da hukuncinsu. Agustin, bishop na Hippo, inda birnin Annaba yake a Aljeriya, yakan zauna sauraron ƙararraki tun safe har lokacin cin abinci, wata rana ma har yamma. Talakawa sun sami alƙalin da ba ya cin hanci, wannan alheri ne.

Amma ga haɗarin. A nan Afirka, a birnin Kartaj na Tunisiya ta yau, rikici ya tashi a kan naɗin wani bishop mai suna Sisiliyan. Masu adawa da shi, waɗanda aka sani da mutanen Donatus, suka ce ɗaya daga cikin waɗanda suka naɗa shi ya miƙa Littattafai Masu Tsarki ga hukuma a lokacin tsanani. A 313 suka kai ƙara wurin sarki. Aka saurari maganar a Roma, aka sāke a Arl ta Faransa a 314, sarki da kansa ya yanke a 316, duk ba su yi nasara ba. Da suka ƙi yarda, aka ba da umarni a ƙwace majami'unsu, sojoji suka shigo, jini ya zuba. A 411 bishop-bishop fiye da 500 na ɓangarorin biyu suka tsaya a Kartaj gaban jami'in sarki domin ya raba musu gardama. Kusan shekara ɗari ke nan da kai ƙarar farko, rabuwar kuwa tana nan. Alƙali yana iya faɗin wanda yake da ginin majami'a, amma ba ya iya mai da zukata biyu su zama ɗaya.

A wani gefen kuma, ikkilisiya ta tsaya wa gaskiya a gaban masu iko. A 390 sojojin Sarki Tiyodosiyus suka karkashe jama'a masu yawa a Tasalonika. Amburos, bishop na Milan, ya rubuta masa cewa ba zai ci Jibin Ubangiji ba sai ya tuba, sarki kuwa ya tuba a fili. A 494 Paparoma Gelasiyus ya rubuta wa sarki cewa iko biyu ne suke riƙe da duniya, na firistoci da na sarakuna.

3. Lokacin da kotun ikkilisiya ta yi ƙarfi

Da shekaru suka wuce, ƙa'idodi suka yi yawa har wasu suna karo da juna. Wajen 1140 wani malami mai suna Giratiyan, a birnin Bolonya na Italiya, ya tattara dubbansu a littafi guda, ya yi ƙoƙarin daidaita su. Littafin ya zama abin koyarwa a jami'o'in Turai. Kotunan ikkilisiya suka riƙe shari'ar aure, wasiyya da rantsuwa.

Abubuwa masu kyau sun fito daga nan, har dokokin ƙasashe suka gāje su. Malaman suka koyar cewa yardar namiji da ta mace ita ce take ƙulla aure, ba tilascin iyaye ba. Suka ce kada a hukunta kowa sai an kira shi an ji ta bakinsa, hujjarsu kuwa Farawa 3 ce: Allah ya san abin da Adamu ya yi, duk da haka ya kira shi ya tambaye shi kafin hukunci. A 1215 babbar majalisar da ta zauna a Roma ta hana firistoci sa hannu a gwajin laifi da wuta ko ruwa, ta kuma ce a riƙa sanar da aure a majami'a kafin a ɗaura. Sanarwar da muke yi ran Lahadi kafin biki, tarihinta ke nan.

Amma iko ya yi wa ikkilisiya yawa. A Ingila, ma'aikacin ikkilisiya da ya yi kisa ko fyaɗe, kotun bishop ce take yi masa shari'a, ita kuwa ba ta yanke hukuncin kisa, sau da yawa sai ta tuɓe shi kawai. Sarki Henri na biyu ya ce idan an tuɓe shi a miƙa shi ga kotun sarki. Tomas Beket, babban bishop na Kantabiri, ya ƙi, ya ce hukunci biyu ke nan a kan laifi ɗaya. Ran 29 ga Disamba 1170 jarumawan sarki huɗu suka kashe shi a cikin majami'arsa. Jama'a suka girgiza, sarki ya ja da baya, gatan ya tsaya. Daga baya ya zama duk wanda ya iya karanta ayar farko ta Zabura 51 yana iya neman wannan gata, har masu laifin da ba su iya karatu ba sukan haddace ta. Sai a 1827 aka soke shi. Beket jarumi ne, amma abin da ya kāre ya zama mafakar masu laifi, waɗanda aka cuta kuwa suka rasa mai share musu hawaye.

Mafi muni shi ne sa'ad da ikkilisiya ta ari takobin sarki a kan masu saɓanin koyarwa. Kotunta ta yanke, hukuma ta ƙone. Haka aka yi wa Yan Hus a Konstans a 1415.

4. Gyaran ikkilisiya da bayansa

Ran 10 ga Disamba 1520, a Witenbag ta Jamus, Martin Luta ya jefa takardar gargaɗin Paparoma a wuta tare da littattafan dokar ikkilisiya. Ya ga dokokin mutane sun rufe bisharar alheri. Amma ba da daɗewa ba tambayoyi suka taso: wa zai naɗa fasto, wa zai duba rikicin aure, wa zai riƙe dukiya? Dole sababbin ikkilisiyoyi suka rubuta nasu ƙa'idodi. A Janiba, a 1541, Jon Kalbin ya kafa majalisar fastoci da dattawa 12, suna zama kowace Alhamis domin horo da sulhu. Majalisun dattawanmu na yau sun ɗauki abubuwa da yawa daga irin wannan tsari.

Kada mu ce kuskuren na Katolika ne kaɗai. A 1527 hukumar Zurik ta nutsar da Feliks Manz a kogi domin yana sāke yi wa manya baftisma. A 1553 aka ƙone Mika'ilu Sarbetus a Janiba saboda koyarwarsa.

A hankali gwamnatoci suka karɓi abin da yake hannun kotunan ikkilisiya. A 1792 Faransa ta mai da rajistar haihuwa, aure da mutuwa hannun magajin gari, a 1905 kuma ta raba ikkilisiya da gwamnati. Ingila ta karɓe shari'ar wasiyya da kisan aure da dokokin 1857. Mulkin mallaka ya kawo waɗannan tsare-tsare ƙasashenmu. Shi ya sa a Nijar, Kamaru da Cadi ake zancen takardar aure ta magajin gari, a Gana kuma akwai auren rajista tun dokar 1884. Dokar ikkilisiya ta koma cikin gida. Ta Katolika, wadda aka sabunta a 1983, tana da ƙa'idodi 1,752. Namu kuwa su ne tsarin mulki da ƙa'idodin da kowace ɗarika ta rubuta.

5. Darussa dominmu

Na ɗaya, ikkilisiya tana bukatar rubutattun ƙa'idodi (1 Korantiyawa 14:40). Inda babu ƙa'ida, son ran mai ƙarfi shi ne doka. Amma ƙa'ida baiwar bishara ce, ba uwargijiyarta ba. Manufar horo ita ce a komo da wanda ya fāɗi cikin tawali'u (Galatiyawa 6:1).

Na biyu, a yi adalci a majalisar dattawa. A kira mutum, a ji ta bakinsa, a nemi shaidu biyu ko uku, a rubuta abin da aka yanke, a bar masa ƙofar ɗaukaka ƙara. Kunya ce kotun gwamnati ta fi gidan Allah kiyaye waɗannan.

Na uku, rikicin bashi, iyakar gona, shugabanci da baƙar magana tsakanin 'yan'uwa, a gama shi a gida. Bulus ya nuna cewa ɗaukar hasara ya fi zub da sunan Almasihu a bainar jama'a. Mu tuna da Kartaj.

Na huɗu, kada a ɓoye babban laifi da sunan rufin asirin ikkilisiya. Wanda ya lalata yarinya, ko ya ji wa matarsa rauni, ko ya yi kisa, ya yi zunubi, ya kuma karya dokar ƙasa. Ikkilisiya za ta kira shi ga tuba, hukuma kuma za ta yi aikin da Allah ya ba ta. 1 Korantiyawa 6 ba ta hana wannan ba, ko da mai laifin fasto ne.

Na biyar, mu ba hukuma hakkinta. A yi rajistar ikkilisiya. Takardar fili ta kasance da sunan ikkilisiya, ba da sunan fasto ba. Ma'aurata su nemi takardar aure ta hukuma, domin ita ce za ta tsaya wa gwauruwa da marayu a gaban alƙali. Rigakafi ya fi magani.

Na shida, idan hukuma ta umarce mu mu yi abin da Allah ya hana, ko mu bar abin da ya umarta, sai mu bi Allah, ba da tawaye ba, a shirye kuma mu sha wahala kamar manzanni. Kada kuma mu taɓa neman hukuma ta tilasta wa wani bangaskiya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ka taɓa karanta ƙa'idodin ikkilisiyarku? Ina ake ɗaukaka ƙara idan an hori mutum ba bisa gaskiya ba?
2. Waɗanne al'amura ne ya kamata dattawa su gama, waɗanne ne kuma dole a kai wa hukuma?
3. Akwai ɗan'uwan da kake riƙe da ƙara a kansa? Ka bi matakin farko na Matiyu 18?

Addu'a

Ya Uba, kai ne alƙalin dukan duniya. Ka ba dattawanmu da fastocinmu hikima da tsoronka, su yi hukunci ba da tara ba. Ka bi da shugabannin ƙasashenmu da alƙalanmu cikin gaskiya. Ka tsare marasa ƙarfi a cikinmu. Ka koya mana mu ba hukuma abin da yake nata, mu ba ka dukan ranmu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu, Amin.