Darasi: Gudun Wuce Sa'a, Takardar Tara da Na'urar Ɓoye Gudu

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, ita ce ta bi ta Boɗinga, ta wuce Shagari, ta kama Tambuwal. Hanya ce mai albarka. Ta nan ake fitar da albasa da gero da dabbobi. Ta nan ake kai mara lafiya asibiti. Amma kwaltar nan ba ta motoci kaɗai ba ce. 'Yan makaranta suna tsallaka ta safe da rana. Mai amalanke yana bin gefenta. Makiyayi yana ƙetarawa da garkensa, ga ɗan kabu-kabu ya ɗauko mutum biyu da buhu. Duk waɗannan babu ƙarfen da ya kewaye su. Domin su ne doka ta yanke wa mota iyakar gudu.

Abin da doka ta yanke

Da kilomita ake auna gudun mota. Agogon da ke gaban direba, wanda ake kira maleji, shi ke nuna gudun. In allurarsa ta tsaya a kan 80, ma'anarsa motar za ta ci kilomita 80 a cikin awa ɗaya.

Hukumar da ke sa ido a kan wannan ita ce Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC. An kafa ta a shekarar 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. A 2007 aka sake yi mata doka.

A cikin gari, ƙaramar mota da tasi da bas ba su da izinin wuce 50. A babbar hanya irin wadda ta haɗa Boɗinga da Shagari, iyakarsu 80. Tirela da tankar mai kuwa 45 ne a cikin gari, 50 a babbar hanya. Gudun 100 da direbobi ke yawan ambata, an ba ƙaramar mota shi ne a kan manyan tagwayen hanyoyi kawai. Inda kuma aka kafa allo mai lamba a bakin hanya, lambar allon ake bi. Wannan yana daga cikin amfanin iya karatu.

Tara saboda gudu ba yau aka fara ta ba. A 1896, a ƙasar Ingila, aka kama wani mai suna Walter Arnold yana gudun kimanin kilomita 13 a awa, a wurin da doka ta ce kada a wuce kimanin 3. A kan keke ɗan sanda ya bi shi har ya cim masa. Kotu ta ci shi tara.

A yi lissafi

Direbobin haya sukan ce gudu shi ne riba, domin wanda ya riga isa tasha shi zai riga samun lodi. To, a auna maganar da alƙalami. A ɗauka tafiyar kilomita 30 ce. Mai tafiya a kan 80 zai isa cikin minti 22 da rabi. Mai tafiya a kan 120 zai isa cikin minti 15. Ribar duka minti 7 da rabi ce, ko shayi mai zafi ba a gama sha a cikinsu ba.

Sai a duba abin da aka biya kafin a sami waɗannan mintoci. Motar da ke kan 80 tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Wadda ke kan 120 tana cin mita 33. Daga lokacin da direba ya hangi yaro a kan kwalta zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce, in ma ba gyangyaɗi yake yi ba. Bayan an taka birkin ma mota ba ta tsayawa nan take, sai ta ja. In gudu ya ninka biyu, nisan da mota za ta ja ninki huɗu yake yi.

Saboda haka, a busasshiyar kwalta, da taya mai kyau da birki mai ci, mai 80 yana bukatar kimanin mita 60 kafin ya tsaya cik. Mai 120 yana bukatar fiye da mita 110, wato ya zarce tsawon filin ƙwallo. Yaron da ke mita 70 a gaba, na farkon zai tsaya bai taɓa shi ba. Na biyun zai same shi da sauran gudu mai yawa. In taya ta suɗe, ko an yi ruwa, ko an yi lodi fiye da kima, lissafin ya fi haka muni.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023, mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara a duniya. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur.

Yadda ake gane gudun mota

Jami'i ba da ido yake kintatar gudu ba. Akwai na'ura mai kama da ƙaramar bindiga da ake kira rada. Aikinta kamar amsa-kuwwa ne. Wanda ya yi kira a bakin rijiya mai zurfi, muryarsa za ta dawo masa. Haka rada take aika igiyar rediyo wadda ido ba ya gani, ta bugi mota, ta dawo. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya ya san ƙarar mota tana sirancewa in tana zuwa, ta yi kauri in ta wuce. Irin wannan canji rada ke aunawa, ta fitar da lamba. Tun a 1947 'yan sanda a Amurka suka fara gwada ta. Daga baya aka ƙera wata mai aiki da haske, da kuma kyamarar da ake kafawa a kan turke. A 2025 gwamnatin Jihar Legas ta sa irin waɗannan kyamarori a wasu hanyoyinta, ana aika wa mai mota saƙon tara ta wayarsa.

Masu neman rufe wa doka ido

Da aka ƙera rada, sai wasu suka ƙera makarinta. Iri biyu ne. Na farko saurare kawai yake yi, in ya ji igiyar rada sai ya yi ƙara don direba ya rage gudu. Na biyu shi ne mai rikita rada. Yana aika tasa igiyar don na'urar jami'i ta kasa karanta lamba.

Ƙasashe ba su ɗauki wannan da wasa ba. A Amurka dokar tarayya ta hana na'urar rikita rada a duk faɗin ƙasar. Mai sauraren ma an hana manyan motocin kasuwanci sa shi. A Faransa ko mai sauraren aka samu a mota, tara takan kai yuro 1,500. A Ingila, a 2018, kotu ta ɗaure wani mutum wata takwas bayan an same shi da na'urar rikita ma'aunin gudu. A Nijeriya, Dokar Sadarwa ta 2003 ta hana amfani da kayan sadarwar da hukumar NCC ba ta amince da su ba. Don haka wanda aka tallata wa irin wannan kaya a intanet ko a kasuwar kayan mota, ya san kuɗinsa zai sa ya sayo wa kansa shari'a. Kuma ko na'urar ta yi aiki, idon jami'i kawai ta rufe. Ba ta rage ko taku ɗaya daga mita 110 ɗin nan ba.

A hanyoyin karkara abin da aka fi gani wani ne dabam. Tun daga 1 ga Fabrairu, 2017, FRSC ta wajabta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. Ita wannan in mota ta kai iyakar da aka saita, ko direba ya danne totur har ƙasa ba za ta ƙara ba. Wasu sukan sa ta don a ba su takardar shaida, sa'an nan su je wurin mai gyaran waya ya cire. Wannan da mai rikita rada duk kanwar ja ce. Haka nan al'adar haska wa abokin sana'a fitila don ya san jami'ai na gaba. Ana ganin zumunci ne. Amma wanda aka haska wa, yana wuce su zai koma gudunsa, kuma ƙauye na gaba shi zai karɓe shi.

In an ba mutum takardar tara

Takardar tana ɗauke da sunan direba, da lambar mota, da wuri, da rana, da laifin da aka yi. A ƙarƙashin dokar 2007, tarar wuce iyakar gudu naira 5,000 ce. Wanda ya yi yunƙurin ba jami'i cin hanci kuwa, tarar da aka yanka masa ta ninka wannan, naira 10,000.

Ba a biyan tara a hannun jami'i a bakin hanya. A banki ake biya, cikin asusun gwamnati, a karɓi rasit, a kai ofishin hukumar, sa'an nan a mayar wa mutum takardunsa. Wanda yake ganin bai yi laifi ba, yana da damar zuwa kotu ya kare kansa. Wani lokaci ma kotun tafi-da-gidanka takan zauna a bakin hanya. Direban da ya iya karatu zai duba abin da aka rubuta masa kafin ya sa hannu. Wanda bai iya ba, abin da aka faɗa masa shi zai biya.

Fasinja ma yana da baki. Kuɗinsa ya biya, ransa kuma yana cikin motar. In ya ga allura ta haura 80, ya yi magana. In direba ya ƙi ji, a kai ƙararsa wurin shugabannin tasha. In kuwa haɗari ya auku, lambar kiran FRSC ita ce 122, kuma kyauta ce.

Aikin aji

1. Tirela tana tafiya a kan 50. Minti nawa za ta yi a tafiyar kilomita 25?
2. Mota tana kan 120, jaki ya shigo hanya a mita 90. Za ta tsaya kafin ta kai gare shi?
3. A rubuta sunayen wurare uku tsakanin Boɗinga da Shagari inda mutane suka fi tsallaka kwalta, a kawo wa malami.